Tsaka a Tsaka Mai Wuya: Darasi Daga Tsibirin Union

Babu ɗalibin da bai san tsaka ba. In magariba ta yi aka kawo wuta, ga ta nan manne a bangon hostal kusa da ƙwan lantarki tana dakon ƙwari, kuma yawancinmu da mun gan ta takalmi muke lalube. Tun muna yara ake ce mana tana da dafi. Abin da masana suka tabbatar shi ne ba ta da dafi, sai dai kashinta kan ɗauki ƙwayar cutar salmonela kamar na kaji da ƙadangaru, don haka rufe abinci dai ya zama dole.

To amma ba tsakar bangonmu ce ta sa na ɗauki biro ba. Wata 'yar uwarta ce can a tekun Karebiyan, wadda aka ɗauki mutane aikin gadinta, har wakilan ƙasashen duniya suka zauna a birnin Janeba a 2019 suka yi mata doka. Na san wasu za su yi dariya, su ce Turawa da rashin aikin yi. Ku ɗan yi haƙuri ku karanta. A labarinta akwai lissafi, akwai kimiyyar halittu, akwai fasa-ƙwauri, sannan akwai wata tambaya da ta shafi duk wanda zai rubuta furojet ya sa hannu.

Inda take zaune

Ƙasar St. Vincent da Grenadines tarin tsibirai ce a gabashin Karebiyan, babban birninta Kingstown. Can kusa da ƙarshenta ta kudu akwai wani ɗan tsibiri mai suna Union, wanda faɗinsa bai kai murabba'in kilomita 10 ba, mutanensa kuma kimanin 3,000 ne, yawancinsu jikokin bayin da aka kwaso daga Afirka don noman auduga. Garuruwansa biyu ne, Clifton da Ashton. Babu kogi a tsibirin, ruwan sama suke tarawa a tankuna, kuma suna da rani mai tsawo da itatuwa da yawa ke kaɗe ganye, kamar dai yadda namu ke yi.

A yammacin tsibirin, a kan gangaren tsaunin da ke kallon gaɓar Chatham, akwai ragowar tsohon daji wanda gatari bai ci ƙarfinsa ba. Faɗin wurin da tsakar ke rayuwa a cikinsa kimanin hekta 50 ne, wato rabin murabba'in kilomita ɗaya. In kana son ka hango shi a ranka, jera filin ƙwallo saba'in. Shi ke nan. Duk duniya babu inda aka san wannan halitta tana rayuwa a daji sai nan.

Wani limamin cocin Katolika mai sha'awar nazarin halittu, Fada Mark de Silva, shi ya fara jawo hankalin masana gare ta. A 2005 wasu masana biyu daga Amurka, Robert Powell da Robert Henderson, suka wallafa bayaninta, suka raɗa mata suna Gonatodes daudini don girmama Jacques Daudin, wani mai kishin muhalli da ya daɗe yana zaune a tsibirin.

Yadda jikinta yake

Daga hanci zuwa gindin wutsiya kimanin santimita 3 ce. In aka cire wutsiyar, tsinken ashana ya fi ta tsawo. In ka ɗaga dutse ka same ta, da fari za ka ga wata 'yar aba mai duhu kamar ƙasar wurin. Da haske ya taɓa ta, a hankali sai launinta ya buɗe: jiki ya yi kore-kore, ga ɗigo-ɗigo farare a baya, kowanne da zoben baƙi, a bayan baƙin kuma ja. Idonta ma jaja-jaja ne. Wannan adon ku riƙe shi, za mu dawo kansa, don shi ya jawo mata masifa.

Akwai bambanci babba tsakaninta da tsakar gida. Tamu daga dangin Hemidactylus take, kuma abin da ke ba ta damar tafiya a silin ba gam ba ne, ba kuma tsotso ba. A ƙarƙashin yatsunta akwai wasu gasu ƙanana ƙwarai, dubbai a kowane yatsa, kowanne ya rarrabu gida-gida a bakinsa. Suna kusantar bango matuƙa, har ɗan ƙarfin jan da ke tsakanin ƙwayoyin zarra, wanda muka karanta a kemistiri da sunan van der Waals, ya taru ya ɗauki nauyinta. Ita kuwa ta Union ba ta da wannan shimfiɗar. Yatsunta sirara ne masu farata, irin na mai yawo a ƙasa tsakanin duwatsu da busassun ganye. Ƙwayar idonta zagayayyiya ce kamar ta yawancin danginta masu harka da rana, ta gida kuwa a tsage take kamar ta kyanwa saboda aikin dare. Sun yi tarayya a abu biyu: duk ba su da fatar ido mai ƙiftawa, da harshe suke goge idon, kuma duk suna iya yar da wutsiya in an cafke su.

Af, ga wani abin mamaki da na ci karo da shi. Wata tsakar gida 'yar asalin Afirka, Hemidactylus mabouia, yanzu ta cika gidajen Karebiyan da Kudancin Amurka, kuma masana da yawa na ganin jiragen ruwan cinikin bayi ne suka haye da ita. Wato tamu ta ci duniya, waccan kuwa ko tsallaka tsauni ɗaya ta kasa. Me ya sa?

Lissafin kilishi

Amsar tana cikin wani lissafi mai sauƙi da kowa ya yi a sakandare. Ɗauki wani abu mai siffar akwati, tsawo da faɗi da tsayi duk santimita 1. Fuskokinsa shida ne, faɗin bayansa gaba ɗaya murabba'in santimita 6, cikinsa kuma 1. Wato 6 ne a kan 1. Yanzu ɗauki wanda kowane gefensa santimita 10 ne. Bayansa 600, cikinsa 1,000. Ya koma 0.6 a kan 1. Ka ga ashe ƙaramin ya ninka babban sau goma wajen yawan fatar da ke fuskantar iska, in aka gwada da abin da ke cikinsa.

Mahauta sun san wannan tun kafin a haifi malamanmu. Mai kilishi ba ya shanya tsoka dunƙule, sai ya feɗe ta fale-fale, don ruwan ya sami hanyar fita. Mai sayar da ƙanƙara ma ya san babban bulo kan kai yamma, ɓarɓashi kuwa kafin ka juya ya zama ruwa.

To ita wannan tsaka ɓarɓashin ce. Ruwan jikinta kaɗan ne, fatar da yake tsiyayewa ta cikinta kuma da yawa. Damo zai iya kwanciya a rana ya sha ɗumi abinsa, ita kuwa in ta yi haka ta zama kilishi. Dole ta zauna inda akwai danshi: ƙarƙashin tarin ganyen da ya ruɓe, cikin tsagar duwatsu, ƙarƙashin kututturen da ya faɗi. A nan kuma abincinta yake, 'yan ƙananan ƙwari da makamantansu. Shi wannan danshin bai samuwa sai in akwai manyan itatuwa a sama suna tare rana suna zubo ganye shekara da shekaru. Saboda haka in aka sare itatuwa don a fitar da hanya, ko awaki suka cinye tsiron da zai gaji tsofaffin, ba sai an taɓa tsakar ba, ƙasar ce za ta bushe ta kashe ta. Fili mai rana na 'yan mitoci, wanda kai za ka tsallake da taku kaɗan, a wurinta hamada ce.

Ga kuma ƙarancin haihuwa. A dangin Gonatodes ƙwai ɗaya tak mace ke sakawa a lokaci guda. Tsakar gida biyu take yi, ƙadangaruwa kuwa takan binne da dama. Duk halittar da ke haihuwa ɗai-ɗai, in aka kwashe manyanta, cike gurbin sai a hankali.

Wannan shi ne halin da halittun tsibirai da yawa ke ciki. Sun daɗe a keɓe, sun saba da irin wurinsu kaɗai, ba su da yawa, ba su kuma da wata mafaka ta biyu. Abin da a babbar ƙasa zai zama asarar yanki ɗaya, kamar gobara ko shigowar kyanwoyi da ɓeraye, a tsibiri yana iya zama ƙarshen jinsi dungurungum. Shi ya sa ƙungiyar IUCN, mai tattara jerin halittun da ke fuskantar ƙarewa, ta sa ta a matakin haɗari mafi tsanani ga abin da ke raye a daji.

Yadda suna ya zama talla

Nan ne labarin ya fi ɗaukar hankalina. Kafin 2005 wannan tsaka tana zamanta, ba wanda ya san da ita balle ya yi mata kuɗi. Da bayaninta ya fito da hotuna masu launi, da sunan wurin da aka same ta, kamar yadda ƙa'idar kimiyya ta tanada, ashe ba masana kaɗai ke karatu ba.

A Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da sha'awarsu ita ce kiwon dabbobi masu jan ciki a akwatunan gilashi, kamar yadda wasu a nan ke kashe kuɗi a kan tantabaru. A garin Hamm na Jamus ma akwai wata babbar kasuwa da ke ci don irin waɗannan dabbobi. A wannan harka kuwa, iya ƙarancin abu iya tsadarsa. Sabuwar tsaka mai ado, wadda ba ta ko'ina sai tsibiri ɗaya, ai ita ce abin nema. Ba a daɗe ba aka fara ganin tallarta a intanet, ana sayar da guda a kan ɗaruruwan daloli, yawancin masu tallar kuma a Turai suke, alhali gwamnatin St. Vincent ba ta ba da izinin fitar da ita don ciniki ba.

Ku duba sauƙin satar. Abu ne da zai shige kwalin ashana, ba ya kuka, ba ya cizo. Gaɓar Chatham kuma wuri ne da jiragen ruwan 'yan yawon shaƙatawa ke yada zango. Ɓarnar ma ba ta tsaya kan waɗanda aka ɗauke ba. Mai nema sai ya birkice duwatsu, ya farfasa ruɓaɓɓun kututture, ya watsa tarin ganye. Ya tafi da biyar, ya bar gidan hamsin a buɗe rana na duka. Binciken da aka yi a 2018 ya nuna cewa a sassan dajin da ke da sauƙin shiga, yawanta ya faɗi da kusan kashi 80 cikin 100 in aka gwada da 2010. Duka-duka abin da aka ƙiyasta ya rage a lokacin kimanin 10,000 ne.

Ba kanta farau ba. A 1999 aka wallafa bayanin wata tsaka mai suna Goniurosaurus luii daga kudancin Sin, cikin 'yan shekaru masu kama ta suka share ta daga ainihin wurin da aka fara ganinta. Wani kunkuru mai dogon wuya na tsibirin Roti a Indunusiya, wanda aka raɗa wa suna a 1994, shi ma haka ya kusa ƙarewa. A 2006 wasu masana suka rubuta wa mujallar Science wasiƙa suna gargaɗin cewa bayanin kimiyya kansa na iya jefa halitta cikin haɗari. A 2015 kuwa wasu da suka gano sabbin nau'o'in tsaka biyu a Sin da gangan suka ƙi faɗin inda suka same su.

To wa ke da gaskiya? Masu cewa a bayyana komai suna da hujja mai ƙarfi. In ba a faɗi wuri ba, wani ba zai iya zuwa ya tabbatar da aikinka ba, kuma kimiyyar da ba a iya bin diddiginta ai ta zama labarin teburin mai shayi. Bayan haka, ba a yi wa abin da ba shi da suna doka. In da ba a wallafa tsakar Union ba, wata rana katafila za ta bi ta kan dajin a gina otal, ba wanda zai ma san an yi asara. A nawa ganin, raɗa suna dole ne, amma ba dole ba ne a buga taswirar ƙofar gida. A faɗi yankin a dunƙule, a ajiye ainihin lambobin wurin a hannun hukuma da gidan adana kayan bincike, mai buƙata ta gaskiya ya nema a rubuce. Mu da muke yawo da wayoyi masu liƙa wa kowane hoto lambobin inda aka ɗauke shi, wannan magana ta shafe mu. Wanda furojet ɗinsa ya kai shi ga wata shuka ta magani da ta yi ƙaranci, ko sheƙar wani tsuntsu da ake farauta, ya zauna da malamin da ke duba aikinsa su yanke abin da zai shiga littafi da abin da zai tsaya a fayil.

Ramin da ke cikin doka

Wani zai ce, tunda sata ce, me ya hana a kama masu tallar? Matsalar ita ce dokar St. Vincent iyakarta St. Vincent. Amurka tana da dokar Lacey, wadda ta haramta cinikin dabbar da aka kamo ta hanyar karya dokar wata ƙasa. Tarayyar Turai ba ta da irinta. Saboda haka a wancan lokacin, da zarar tsakar ta sauka a can, ciniki ya halatta, mai ita ma yana iya cewa a akwatinsa aka ƙyanƙyashe ta, wa zai ƙaryata shi?

Abin da ke toshe irin wannan rami shi ne yarjejeniyar CITES, wadda aka ƙulla a Washinton a 1973 ta fara aiki a 1975, Nijeriya ma tana cikin ƙasashen farko da suka shiga. Tana da rukuni uku. Na ɗaya shi ne mafi tsauri: an hana cinikin duk wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Akun nan mai ruwan toka da jar wutsiya da muke gani a keji, tun taron 2016 yake cikin wannan rukuni, ko da yake ba kowane mai sayar da shi ya sani ba. A taron Janeba na watan Agustan 2019, bisa buƙatar St. Vincent da Grenadines, aka sa tsakar Union a rukuni na ɗaya. Shekara 14 ke nan tsakanin raɗa suna da samun kariya. Ɓarayi kam ba su jira ko rabin haka ba.

Masu gadi

Takarda ba ta tare ɓarawo a daji. Tun kafin taron Janeba, a 2016, sashen kula da gandun daji na ƙasar, da ƙungiyar Fauna & Flora mai hedikwata a Ingila, da wata ƙungiyar mazauna tsibirin da yanzu ake kira Union Island Environmental Alliance, suka zauna da jama'ar gari suka tsara yadda za a ceto ta. Daga 2017 aka fara sintiri a dajin, kuma masu gadin 'yan tsibirin ne aka horar. Wannan a wurina shi ne dabarar da ta fi kowace. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A tsibiri mai mutum 3,000, baƙon da ya sauka daga jirgi ya nufi tsauni yana leƙa ƙarƙashin duwatsu ba zai ɓoyu ba, in dai mutanen gari sun ɗauki abin a matsayin nasu. Aka kuma shiga makarantu ana nuna wa yara hotonta, har ta zama abin alfaharin tsibirin. Albarkacin kaza ƙadangare ya sha ruwan kasko: sauran halittun dajin da su ma ake sacewa, irin su wani babban gizo-gizo mai ado da wani babban ƙadangare da ake kira iguwana, duk sun sami inuwa.

A 2022 aka sake ƙidaya, aka sami kimanin 18,000. Ƙarin kashi 80 cikin 100 ke nan a shekara huɗu.

A nan sai mu yi hattara da alƙaluma, musamman mu masu shirin kare furojet a gaban malamai. Na farko, ba wanda ya bi tsaka 18,000 ɗaya bayan ɗaya. Yadda ake irin wannan aiki shi ne a auna 'yan filaye ƙanana a wurare daban-daban, a bincike su a hankali, a ƙirga abin da aka gani, a mayar da kowane dutse mazauninsa, sannan a lissafa da faɗin dajin. Ƙiyasi ne, kuma wadda ta shige can cikin tsagar dutse ba ta shiga lissafi. Na biyu, kada wani ya ga an faɗi da kashi 80 an kuma tashi da kashi 80 ya ce an koma daidai. In kana da naira 100 ka yi asarar kashi 80, saura 20. In 20 ɗin ta ƙaru da kashi 80, ta zama 36, ba 100 ba. Balle ma alƙaluman biyu ba abu ɗaya suke aunawa ba: na farko na sassan da ɓarayi ke iya shiga ne, na biyu na dajin ne gaba ɗaya. Abin da za a iya faɗa da ƙarfin gwiwa shi ne, da aka daina kwasa, yawanta ya juya ya fara hawa.

Sai kuma ranar 1 ga Yulin 2024. Mahaukaciyar guguwar Beryl, mai mataki na 4 cikin 5, ta faɗa wa kudancin Grenadines, tsibirin Union na cikin waɗanda ta fi yi wa kaca-kaca. Firaministan ƙasar na wancan lokacin, Ralph Gonsalves, ya ce kimanin kashi 90 cikin 100 na gidajen tsibirin sun rushe ko sun lalace ƙwarai. Masu gadin dajin su ma mutanen wannan tsibiri ne, da iyalansu da rufin ɗakunansu. Guguwa irin wannan takan tsige ganyen itatuwa ta kakkarya rassa, kuma kun riga kun ga abin da buɗewar sama ke nufi ga halittar da ke rayuwa da danshin ƙarƙashin ganye. Gefe guda kuma, kututturen da suka faɗi sukan zama sabon maɓoya in sun fara ruɓewa, dajin Karebiyan ma ya saba toho bayan guguwa. Duk wanda zai ambaci 18,000 ɗin nan a aikinsa, to ya rubuta shekarar a gefenta: 2022 ce, shekara biyu kafin Beryl.